Mutumin Ɗakin Can

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Bolewa ya san abin da hakan ke nufi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. In ina kusa ta ce "ke", in na yi nisa ta ce wa ƙannena, "Ku kira min waccan." Ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo a Nangere, can na yi wayo, sai da na shiga sakandare na dawo gida. In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take fara lissafi, ni kuwa ga ni zaune a gabanta ina tsince mata shinkafa. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi mata, kuma ko a mafarki ban zaci wata rana abin zai shafi gwamnati ba.

Mijina mutumin Sudan ne, likitan dabbobi. Na haɗu da shi lokacin da na je ƙasarsu karatun jinya, ni da ƙanwarsa ajinmu ɗaya. 'Yan unguwa suna ce masa Balaraben Bolewa, alhali na fi shi haske nesa ba kusa ba. A ƙofar gidanmu aka ɗaura auren, shi yana can ƙasarsu, ni ina ƙuryar ɗaki a lulluɓe. Mahaifina ya riga ya rasu, don haka ƙanensa, Baffa, shi ya ba da ni, wani malami da ya yi karatu a can ya karɓa wa ango. Daga baya aka kai ni. Ba mu jima da fara sabawa da juna ba yaƙi ya ɓarke. Ni na dawo cikin 'yan Najeriya da aka kwaso, shi kuma ya biyo ta ƙasa, ta Chadi. Wayarsa da jakarsa suka salwanta a wani shingen hanya. Ya iso Potiskum da fasfo a cikin safa, ya rame har sai da na kalle shi sau biyu.

Ba mu da inda za mu sa kanmu, sai Baffa ya ce mu zauna a ɗakin da ke kusa da zaure a gidan mahaifina. Wato suruki da surukuwa a gida ɗaya. Ranar da aka faɗa wa Inna, sai ta aika aka sayo zana, aka kafa daga bakin ɗakinmu har jikin rijiya.

To, su a ƙasarsu ba haka ake yi ba. Can suruki yana shiga har ɗakin uwar matarsa, ya dafa kafaɗarta, ya sumbaci goshinta, su zauna su sha gahawa suna gulmar maƙwabta. Washegarin isowarsa, bawan Allahn nan ya wanke jallabiyarsa tas, ya zagaya zanar, ya nufi Inna hannu a buɗe yana cewa "Yumma", wato Mama a bakinsu. Inna tana tankaɗe. Wallahi ban san tana da gudu ba sai ranar. Ta bar rariya tana juyi a tsakar gida, ta faɗa ɗaki ta saki labule. Shi kuma ya tsaya da hannunsa a sama yana tambayata ko wani abu ne ya cije ta.

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Na ce girmamawa ce. Na ce a wurinmu surukuwa ba ta haɗa ido da mijin 'yarta, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kama sunansa, balle kuma mijin 'yar fari, wanda kunyarsa ninki ce. In zai gaishe ta, ya durƙusa daga nesa, ya sunkuyar da kai, ya yi a taƙaice ya wuce. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Amma na san shi, bai yarda ba. A ransa ya ƙudurta cewa tsohuwar ba ta son sa ne, ni kuma ina rufa masa asiri. Kullum da safe sai ya dafa gahawarsa mai citta ya aika mata, kullum a dawo da kofin a wanke ba tare da ko kalma ɗaya ba. In tana son magana a kansa sai ta ce "mutumin ɗakin can." Ku kai wa mutumin ɗakin can ruwa. Ku ce wa mutumin ɗakin can ya ɗauke takalmansa, kaji suna hawa.

Da bizar ziyara ya shigo, mai ɗan gajeren wa'adi. Kafin ta ƙare dole ya sami izinin zama a matsayin mijin 'yar ƙasa, in ba haka ba ya fita. Ya fita ya je ina? Unguwarsu ta zama kufai, mahaifiyarsa tana gudun hijira a wata ƙasar tana rabe a ɗakin dangi. Kuma sai da izinin zai iya aiki. Mutumin da ya ƙare karatunsa a kan shanu, ga shi a garin da tirelolin shanu ke tashi har ƙasa na girgiza, amma sai dai ya leƙa ta zaure ya ga wucewarsu. Don haushi ya koma wanke-wanke da shara, abin da ya ƙara jefa Inna cikin tashin hankali.

Muka fara zaryar Damaturu, ofishin shige da fice. Na haddace ramukan hanyar nan. Takardar aure daga kotu, takardar mai unguwa, takardar shaidar cewa ni 'yar ƙasa ce, ni da aka binne cibiyata a bayan ɗakin Inna. Fayil ɗinmu ya faɗa hannun wata jami'a 'yar Kudu, doguwa, mai tabarau, wadda ba ta daɗe da zuwa jihar ba. Hausarta ta bariki ce, tana ce wa mijina "ke" ni kuma "kai", amma ana fahimtarta, kuma ba ta da wulaƙanci. Ta faɗa mana gaskiya: tun da yaƙin nan ya tashi ana samun masu ƙulla auren takarda don a zauna, saboda haka sai ta gamsu cewa namu na gaske ne. Ta ce mu kawo hotunan biki.

Na kai mata da ƙarfin gwiwata. Ta baje su a tebur tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙeyoyin maza da huluna, tiren goro, tiren alawa, liman ya ɗaga hannu, Baffa yana dariya har ana ganin giɓinsa.

Ta ce, "Ina ango?"

Na ce, "Yana Sudan."

"Ina amarya?"

"Tana ɗaki."

Ta cire tabarau ta goge. "To wa ya auri wa a nan?"

Na nuna Baffa da malamin da ya karɓi auren, suna riƙe da hannun juna. Ta daɗe tana kallon su. Hotunan da muka ɗauka tare a can kuwa sun tafi da wayarsa, tawa kuma ta mutu a hanya. Daga ƙarshe ta ce ba komai, za ta zo gida da kanta ta ji daga bakin iyayena, amma ba za ta faɗi rana ba. In ta gamsu ta sa hannu. In ba ta gamsu ba, ita ba ta da yadda za ta yi.

Ban damu sosai ba, saboda ina da Baffa. Baffa dillali ne a kasuwar shanu, mutumin da zai sayar maka da gurguwar saniya ka tafi kana sa masa albarka. Na faɗa masa, ya buga ƙirji ya ce ta zo, zai ba ta tarihin auren tun daga kakan kakan ango, wanda bai taɓa gani ba. Duk da haka na ce bari in shirya Inna ko da za a yi. Na same ta tana gyaran zogale.

Na ce, "Inna, wata ma'aikaciya za ta zo. In ta tambaye ki, ki ce ni 'yarki ce, shi kuma mijina ne. Shi ke nan."

Ba ta ɗago ba. "Me ya haɗa ni da maganarku? Ga Baffanku nan."

"In ba ya nan fa?"

"Ga Goggonki a Nangere."

Ni kuwa ba a haife ni da haƙuri ba, kowa ya sani, har marasa lafiyana a asibiti. Na ce mata kunyar nan tata za ta sa a kori mutum zuwa bakin bindiga. Na ce duniya ta ci gaba. Na faɗi maganganu da yawa, ta bar ni na gama, sannan ta miƙo min tiren ta ce, "Ke, zubar da wannan wa awaki."

Jami'ar ba ta tashi zuwa ba sai ranar Laraba. Duk wanda ya san Potiskum ya san ranar Laraba ba a neman namiji a gida. Kasuwar shanu ta cinye kowa, daga dillali har mai sayar da igiya. Da hantsi sai ga sallamarta a zaure, fayil a hammata, direbanta ya tsaya a mota. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin dogonyaro, na shiga kiran Baffa. Wayar tana ta ringi ba a ɗauka. Da aka ɗauka sau ɗaya, kukan bijimi na ji da ihun masu lodi, sai ta katse.

Ta leƙa ɗakinmu, ta ga kayana da nasa, ta rubuta. Ta dubi zanar nan ta tambayi amfaninta, na ce don iska ce. Sannan ta ce a kira Mama. Inna ta fito da mayafi har goshi, ta zauna a bakin ƙofarta, ta ba wa ɓangarenmu baya. Mijina yana durƙushe can jikin rijiya yadda na koya masa, kamar mai jiran hukunci.

Suka gaisa lafiya lau. Inna ta iya karɓar baƙi, har ta sa aka kawo fura. Sai jami'ar ta buɗe fayil.

"Mama, ki faɗa min yaranki."

Inna ta lissafa su tiryan-tiryan, daga ƙanena har auta, da inda kowa yake da abin da yake yi.

Jami'ar ta nuna ni da biro. "Wannan fa?"

"Ta Nangere ce."

"Yaya sunansa?"

Inna ta juya tana kallon akuyar da ke cin ɓawon kankana, kamar yau ta fara ganin akuya.

Na yi caraf na ce, "Madam, al'ada ce, ni ce ta fari, shi ya sa..."

Ta ɗaga min hannu. "Kai na ji naka a ofis. Yanzu Mama nake tambaya." Ta nuna mijina. "Mama, wancan fa? Wane ne a gidan nan?"

"Mutumin ɗakin can ne."

"Haya take yi?"

Inna ta kau da kai.

"Mama, mijin wa ne?"

Inna ta gyara mayafi ta ce furar za ta tsinke in ba a sha ba.

 Na san yadda abin yake a idon baƙo: ga zana an raba gida biyu, ga uwa ba ta lissafa ni cikin 'ya'yanta ba, ga namiji a rakuɓe a jikin rijiya ba wanda ya kalle shi. Ko ni ce da biron, abin da zan rubuta ke nan.

Jami'ar ta rufe fayil ɗin a hankali. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi fushi da ya fi min sauƙi. Ta ce abokan aikinta sun ba ta labarin kunya, ba wai ba ta taɓa ji ba. Amma ita ba za ta rubuta wa manyanta cewa uwar amarya ta ji kunya ba. Abin da take buƙata shi ne babba ɗaya a gidan nan ya buɗe baki ya ce wance 'yata ce, wane mijinta ne. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani, in Allah ya sa an sake turo ta kafin bizar ta ƙare, to. Ni da ita duk mun san ba za a sake turo ta a ɗan lokacin da ya rage ba. Inna kuwa tuni ta miƙe ta shige ɗaki, labule ya faɗo.

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai mijina ya riga ni. Ya tashi, ya yi wa jami'ar godiya, sannan ya taka har tsakiyar gida, wurin da bai sake takawa ba tun ranar rariya. Ya durƙusa yana fuskantar labulen. Da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Yumma, ba komai. Ni na sani ke ba ki so ni. Amma kin ba ni abinci, kin ba ni ɗaki. Allah ya biya ki. In na tafi, ki yafe."

Ba da gatse ya faɗa ba, har zuciyarsa yake nufi, kuma wannan ne ya karya min zuciya. Na tsaya da hawaye ina jin haushin su duka biyun.

Jami'ar ta sa takalmi ɗaya ke nan labulen ya motsa. Inna ta fito. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalle shi ba, ta kafe jami'ar da ido kamar su biyu ne kawai a duniya. 

Ta ce, "Rubuta. Ni na haife ta. A ɗakin nan, ranar wata Juma'a, ana ruwa." Sai ta faɗi sunana. Cikakkensa, na yanka, ba guntun da kowa ke kira ba, ta haɗa da sunan mahaifina. "Shi kuma mijinta ne, da sadaki da shaidu." Ta faɗi nasa sunan, har da na ubansa, da lafazi daidai, wanda Baffa har yau bai iya ba.

Na ɗauka ta gama, ashe yanzu ta fara. Ta ce, "Kuma ki tambaye shi, wa ya ce masa ba a son sa? Tun da ya zo gidan nan na daina sa barkono a miya, yara suna ta ƙorafi, saboda na ji shi yana tari ta bayan zana. Baƙin ruwan nan nasa mai ɗaci da yake aiko min, ni da ko shayi bai dame ni ba, kullum sai na toshe hanci na shanye, ya hana ni barcin rana. Namiji har namiji ya tsuguna yana wanke tukunya a gidan surukai, maƙwabta suna leƙe ta katanga, na haɗiye ban ce komai ba. In ba ɗa ba, wa zan yi wa wannan? Ku ba shi takardarsa ya je kasuwa ya duba shanu kamar kowane namiji, in samu in sha iska a tsakar gidana."

Jami'ar ta koma ta zauna da takalmi ɗaya a ƙafa. Tana rubutu kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa, ta kasa ɗagowa. Mijina bai gane rabin maganar ba, Inna ta yi sauri da yawa, amma ya ji sunansa. Ya miƙe da hannu a buɗe ya ce "Yumma", na damƙe jallabiyarsa ta baya da duk ƙarfina. Ko kafin ya waigo, tsohuwa ta ɓace.

Jami'ar ta shanye furarta tas kafin ta tafi. Baffa ya iso bayan la'asar, yana warin shanu, ya ce ina matar take ya yi mata bayani.

Da gida ya yi shiru na shiga ɗakin Inna. Tana kwance ta fuskanci bango. Na zauna a bakin gado, na rasa ta inda zan fara. Na girma, na yi aure, na tsallake yaƙi, amma ban san akwai wani gurbi a cikina da yake jiran wannan ba sai da ta faɗa. Daɗi na ji, irin wanda ke sa mutum kuka. Na ce, "Inna, na gode."

Ta ce wa bangon, "Kin sa na tuɓe a gaban baƙuwa. Tashi ki ba ni wuri."

Na ce, "Ban ji da kyau ba ɗazu, akuya tana kuka. Me kika ce sunana?"

Maficinta ya same ni a kafaɗa kafin in kai ƙofa. Washegari da sassafe ta haɗa kaya ta tafi Nangere wurin Goggo, ta yi kwanaki ba ta dawo ba, wai ta je duba gero.

Izinin ya fito kafin bizar ta ƙare. Mijina ya kama aiki, yanzu ranar Laraba shi ma ba a ganin sa a gida, ya koyi ciniki da zagin dillalai. Mun kama haya a bayan layinmu. Inna ta dawo yadda take, ni "ke" ce, shi kuma ya samu ƙarin girma ya zama "mutumin gidan can." Ban sake jin sunana a bakinta ba, kuma na san ko zan shekara ina roƙo ba zan ji ba.

Kwanan baya yana duba katin izinin nasa ya ce min wa'adinsa ya fara matsowa, sai mun sabunta, Allah ya sa wannan karon a ofis za a gama komai ba sai an zo gida ba. Na ce amin don kada ya ga kamar ba ni da hankali. Amma ni da na sha kuka a hanyar Damaturu, na kama kaina ina addu'ar Allah ya sa su sake turo mai tambaya, kuma ya zo ranar Laraba.